Daga Zango Zuwa Tek: Yadda Za Ka Shiga KNUST, Ka Riƙe Makinka, Ka Yi Binciken da Zai Amfane Ka

Duk wanda ya tashi a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango ya san Tek, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) da ke Kumasi. Daga Mahaɗar Anloga mota ɗaya ce, mutanen Zangon Ayigya kuwa titi kawai za su tsallaka su isa ƙofar jami'ar. Amma kusancin bai sa 'ya'yanmu sun cika ajujuwanta yadda ya kamata ba, kuma cikin waɗanda suka shiga akwai masu fitowa da takarda a hannu alhali babu malami ko ɗaya da ya san sunansu, balle ya rubuta musu wasiƙar shaida. Wannan yana damuna ƙwarai, shi ya sa na zauna na tsara wa ƙannena maza da mata hanyar daki-daki.

An buɗe makarantar a 1952 da sunan Kwalejin Fasaha ta Kumasi, ta zama cikakkiyar jami'a a 1961, yau kuma tana ɗauke da sunan Kwame Nkrumah. Asantehene Otumfuo Osei Tutu II ne uban jami'ar. Marigayi Alhaji Aliu Mahama, mataimakin shugaban Ghana daga 2001 zuwa 2009, a nan ya karanta fasahar gini, Kofi Annan ma a nan ya fara karatun gaba da sakandare. Wurin ba na wasu ba ne ban da mu. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, aikin binciken da ake yi a shekarar ƙarshe tun shekarar farko ake fara masa shiri, kuma Hausar da kake ji da sanin Zango da ka yi jari ne da mafi yawan abokan karatunka ba su da shi.

Mataki na farko: ka san jimillar makinka

Darussa shida jami'ar ke dubawa a sakamakon WASSCE, wato jarrabawar kammala sakandare. Uku na dole ne, wato Turanci da Lissafi da Kimiyyar bai-ɗaya, sai uku daga na zaɓi waɗanda suka dace da kwas ɗin da kake nema. Kowanne sai ya faɗa tsakanin A1 da C6. D7 ba ta shiga lissafi ko da sauran biyar duk A1 ne. A1 maki 1 ce, B2 maki 2, B3 maki 3, C4 maki 4, na C5 da C6 kuma ka duba ƙasidar jami'ar, sai a tara, kuma ƙaramar jimilla ita ce mai kyau. Jimilla 24 ita ce iyakar neman shiga, amma kowane kwas yana da nasa makin yankewa da ke sauyawa shekara-shekara gwargwadon yawan masu nema. Likitanci da harhaɗa magunguna, sai mai jimillar da ba ta kai 10 ba yake sa rai.

Idan darasi ɗaya ya kayar da kai, kada ka zauna. Ka yi rajistar jarrabawar masu zaman kansu da ake kira Nobdek, ka gyara shi, ana haɗa sakamako biyu. Yayyenmu da suka kai shekara 25 kuma suna da ƙofar manya, inda ake yin jarrabawar shiga ta musamman. Mai sana'ar da ba zai iya barin shago ba, akwai cibiyar karatu daga nesa da ke koyarwa a ƙarshen mako. Kowace shekara jami'ar na fitar da ƙasidar sharuɗɗan shiga a shafinta na intanet. Ta wannan shekarar za ka karanta da idonka, kada ka dogara da abin da wani ya tuna na zamaninsa.

Mataki na biyu: zaɓen kwas

A nan ne gidaje da yawa ke yin asara. A unguwa likita da lauya da injiniya aka sani, sai yaro mai jimilla 14 ya cike gurabensa duka da kwasa-kwasan da ke neman 7 ko 8, a ƙarshe ya rasa ko ɗaya, ya yi shekara guda a zaune. Ka sa abin da ranka ke so a farko in makinka ya yi kusa, na biyu wanda makinka ya isa, na ƙarshe kuma wanda ka tabbata za ka samu kuma za ka iya zama da shi shekara huɗu.

Kwalejoji shida ne a jami'ar: ta aikin gona da albarkatun ƙasa, ta zane da gine-gine, ta injiniyanci, ta kimiyyar lafiya, ta kimiyya, da ta ilimin zamantakewa. A cikinsu akwai fannonin da ba a cika ambata a majalisunmu ba alhali sun shafe mu kai tsaye. Akwai tsara birane da matsugunan jama'a, ga mai jin zafin yadda lungunanmu suka cushe babu magudanar ruwa. Akwai tattalin filaye da ƙididdigar kayan gini. Akwai kimiyyar abinci, ga 'yar da ta tashi tana taya mahaifiyarta sayar da koko da ƙosai ko fura. Akwai likitancin dabbobi da kimiyyar kiwo, ga ɗan mahauta da masu fataucin shanu na Mayanka. Akwai digiri a kan magungunan gargajiya, wanda ɗan gidan masu magani zai shiga da abin da ya gada ya fito da hujjar ɗakin gwaji. Akwai ƙididdiga, kimiyyar yanayi, gwajin jini da sauran aikin ɗakin gwaji na asibiti, jinya da ungozoma, aikin fata da saƙa, nazarin addinai, da ilimin halayyar al'umma.

Ka duba tsawon karatun ma, don iyaye su san abin da suka ɗauka. Mafi yawa shekara 4 ne. Likitanci, harhaɗa magunguna, likitancin ido da na dabbobi shekara 6 ne. Injiniyanci kuwa yawanci sai da Lissafin zaɓi da Fiziks da Kemistiri tun daga sakandare. In gurbin Kumasi ya yi wuya, jami'ar tana da reshe a Obuasi da aka buɗe a 2019, kuma takardar duk ta KNUST ce.

Hanya mafi sauƙi ta sanin kwas ita ce ka nemi ɗalibin da ke shekara ta uku a cikinsa, ka ce ya nuna maka jadawalin darussansa da tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA tana da reshe a jami'ar. Ka je masallacin jami'a ranar Juma'a ka tambaya, za a haɗa ka da wani.

Mataki na uku: fom da kuɗi

Bauca ake saya a bankunan da jami'ar ta ambata, a ba ka lambobin sirri, ka cike fom a intanet. Ko a shagon kwamfuta za a cike maka, ka zauna a wurin, kuma lambar wayarka da adireshin imel ɗinka za a sa, ba na mai shago ba. Ka lura da rubutun sunanka sosai, domin wannan matsala ce da ta fi kama mu: Abdul Rahman a takardar WAEC, Abdulrahman a katin Ghana, Abdul Rahaman a takardar haihuwa. Ka daidaita su tun yanzu, in ta kama a yi takardar rantsuwa a yi. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi yana da hanya a ciki, ka rabu da shi. Takardar shiga a shafin jami'a take fitowa, kuɗin makaranta kuma a banki ake biya da lambarka ta ɗalibi.

Wajen tallafi, ka nemi shirin Mastercard Foundation da ke ɗaukar nauyin ɗalibai masu ƙoƙari marasa ƙarfi a KNUST tun 2014. Fom ɗinsa daban yake da na shiga jami'a, kuma yana da ranar rufewa tasa. Akwai hukumar ba da tallafin karatu ta gwamnati, akwai asusun tallafa wa ilimi na GETFund, akwai Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017, akwai kuma ofishin tallafin ɗalibai a cikin jami'ar. Asusun rancen ɗalibai na SLTF yanzu katin Ghana yake nema a maimakon mai tsaya maka, sai dai rancen yana da ruwa, don haka ka zauna da iyayenka da malaminka ku tattauna kafin ka sa hannu.

Gidajen kwana na jami'a shida na asali, irin su Unity da Katanga da Africa da Republic, 'yan shekarar farko aka fi ba wa, daga baya a koma hostal a Ayeduase ko Kotei ko Bomso, inda haya ke da tsada. Ɗan Kumasi yana iya zuwa daga gida, wannan rangwame ne babba. Amma ina roƙon iyaye, in yarinya tana zuwa daga gida, a rage mata aikin safe da na dare a lokacin jarrabawa. Wadda ta yi wanke-wanke da girki har ƙarfe tara, ta shiga cunkoson hanyar Akra da sassafe, ba za ta yi gogayya da wadda ta kwana kusa da laburare ba.

Mataki na huɗu: shekarar farko da lissafin CWA

KNUST da CWA take auna ɗalibi, wato matsakaicin maki gwargwadon nauyin kowane darasi. Ana ninka makin darasi da kiredit ɗinsa, wato nauyinsa, a tara, a raba da jimillar kiredit. Misali, ka ci 72 a darasi mai kiredit 3, 55 a mai kiredit 2, 80 a mai kiredit 1. Wato 216 da 110 da 80, jimilla 406, a raba da 6, ka tashi da 67.67. Daga 70 zuwa sama daraja ta ɗaya ce, 60 zuwa 69.99 ta biyu ta sama, 50 zuwa 59.99 ta biyu ta ƙasa.

Ga dalilin da ya sa nake matsa wa 'yan shekarar farko. In muka ɗauka nauyin shekarun huɗu daidai yake, wanda ya gama shekarar farko da 55 sai ya riƙa cin 75 a kowace shekara cikin ukun da suka rage kafin ya taɓa 70. Wanda ya fara da 65 kuwa, kusan 72 ya ishe shi. Tun ran gini tun ran zane. Kuma mafi yawan guraben digiri na biyu da tallafin karatun waje daga daraja ta biyu ta sama suke farawa.

A darussa da yawa kashi 30 na maki daga aikin cikin semista yake fitowa, 70 daga jarrabawar ƙarshe. Kada ka raina talatin ɗin nan. Ka halarci lakca, ka zauna gaba, ka sake karanta abin da aka koyar a ranar kafin ka kwanta, ka shiga rukunin karatu na mutum huɗu ko biyar, kuma kada dukansu su zama 'yan unguwarku. Darasin da ka faɗi, wanda ɗalibai ke kira tirel, zai bi ka har ka sake shi, ya kuma ja makinka ƙasa.

Turancin rubutu shi ne inda da yawanmu ke jin jiki, domin mun tashi da Hausa a gida, Tuwi a kasuwa, Larabci a makaranta. Maganinsa rubutu ne kullum: shafi ɗaya a rana kan abin da ka karanta, ka ba wanda ya fi ka ya gyara. Haddar da ka saba da ita a makarantar allo za ta taimake ka a darussa irin su ilimin sassan jiki da na magunguna, amma malamin jami'a yana so ka bayyana dalili, ka kwatanta ra'ayi biyu, ka faɗi naka. In azumi ya haɗu da jarrabawa, ka mai da karatu mai nauyi bayan sahur da asuba, na yamma ya zama bita.

Tun semistar farko ka shiga laburaren Prempeh II ka tambayi ma'aikata yadda ake buɗe mujallun bincike da jami'ar ta biya wa kuɗi. Kyauta ne gare ka muddin kana ɗalibi.

Mataki na biyar: ka sa malamai su san ka

A shekara ta biyu ka buɗe shafin sashenku, ka ga abin da kowane malami ke bincike a kai. Ka sa sunansa a Google Scholar, shafin neman maƙalun bincike, ka karanta maƙalarsa ɗaya ko da rabinta ka fahimta. Sannan ka je ofishinsa a lokacin ganin ɗalibai, ka gaishe shi da ladabi, ka faɗi sunanka da ajinka, ka yi tambaya ɗaya a kan abin da ka karanta, ka ce in ana buƙatar mai taimako wajen tattara bayanai kana nan, kuma kana jin Hausa da Tuwi. Kada ka manta da wannan na ƙarshe. Masu binciken lafiya da tsafta da talauci a birane suna yawan shiga Zango, kuma suna buƙatar wanda zai yi magana da tsohuwa a cikin ɗakinta ta sake da shi.

Wuraren da za ka nemi aikin koyo a dogon hutu suna kewaye da kai. A cikin jami'ar akwai KCCR, cibiyar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi da aka kafa a 1997 da haɗin gwiwar wata cibiya ta Hambug a Jamus, wadda ta ɗauki nauyin gwajin korona na yankunan tsakiya da arewacin Ghana a 2020. Akwai RWESCK mai binciken ruwa da tsaftar muhalli, akwai TCC, cibiyar ba da shawara kan fasaha, da ta daɗe tana aiki da maƙeran Suame Magazine. A Fumesua akwai cibiyoyin CSIR, hukumar binciken kimiyya ta ƙasa, na binciken amfanin gona da na gandun daji da na gini da hanyoyi, a Kwadaso kuma ta binciken ƙasar noma. 'Yan fannin lafiya suna da asibitin koyarwa na Komfo Anokye. Ka karɓi wasiƙar gabatarwa daga sashenku, ka kai da ƙafarka tun kafin hutu ya zo. Ko wanke kwalaben gwaji aka sa ka, ka yi, kana kallon yadda ake rubuta sakamako. A wannan tsakanin kuma ka koyi Excel sosai, sannan manhajar ƙididdiga ta SPSS ko R.

Mataki na shida: zaɓen abin da za ka bincika

A wasu sassa malami ne ke raba batutuwa, a wasu kai ke kawowa, wani wuri kuma rukuni ake yi. Ko yaya tsarin yake, wanda ya zo da tambaya a hannu ya fi samun kulawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai kuwa ka san inda Zango ke ciwo. Ambaliyar rafin Aboabo da sharar da ke toshe shi. Hayaƙin ƙona wayoyin lantarki da 'yan gwangwan ke shaƙa a Dagomba Line. Ingancin ruwan rijiyoyin da ke kusa da masai. Tsaftar nama daga Mayanka zuwa teburin mai tsire. Yadda mata masu adashi ke amfani da MoMo. Dalilin da ke sa masu hawan jini barin maganin asibiti. Yadda yaro ke raba lokacinsa tsakanin boko da makaranta. Mai son tarihi yana da fataucin goro da ya kafa zangunan kansu, da takardun ajiyar Manhyia, da rubuce-rubucen Larabci da ajami irin na Alhaji Umaru na Karachi da ke Cibiyar Nazarin Afirka a Legon, waɗanda mai karatun allo ya fi kowa damar karantawa.

Sai dai batu daban, tambaya daban. "Matsalar tsafta a Zango" ba ta bincikuwa a semista biyu. Ka matse ta ta fuska uku: su wa, a ina, me za ka auna. Sai ta koma kamar haka: gidaje nawa ne a Aboabo Namba 2 ke da masai a cikin gida, kuma me ke hana sauran ginawa? Wannan tana da amsa, ana iya ƙirga ta, kuma majalisar Asokore Mampong za ta iya amfani da ita.

Kafin ka kai wa malami, ka gwada ta da tambayoyi uku. Zan iya samun bayanan cikin wata biyu? Kuɗin mota da buga takardu da sinadaran gwaji aljihuna zai ɗauka? Akwai malami a sashenmu da ya san fannin? Sannan ka shiga rumbun ajiyar bincike na jami'ar a intanet ka ga abin da aka riga aka yi. In ka tarar an yi irinsa a wata unguwa, wannan alheri ne: ka karanta hanyar da suka bi, ka duba abin da suka ce ya rage.

Abu ɗaya nake gargaɗi a kai. Kusancinka da unguwa yana iya sa ka shiga bincike da amsarka a aljihu, ko don kare mutuncin Zango ko don huce haushi. In alƙaluma suka saɓa wa abin da kake zato, alƙaluman za ka rubuta.

Mataki na bakwai: takardar ƙuduri, izini, da sallama

Takardar ƙudurin bincike tana ɗauke da matsalar, manufofi uku ko huɗu, taƙaitaccen abin da wasu suka gano, hanyar da za ka bi, jadawalin lokaci da kasafi. Kowace manufa ta zama tana da tambayoyinta a takardar tambayoyi. Tambayar da ba ta hidima wa wata manufa, ka cire ta. Wajen yawan mutanen da za ka tambaya, ɗalibai da yawa na amfani da ƙa'idar Yamane: in gidajen unguwar 2,000 ne kuma ka yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100, za ka buƙaci gida 333. Yawan jama'a kuma daga ƙidayar 2021 ta Hukumar Ƙididdiga ta Ghana za ka ɗauko, kada ka yi kintace.

Binciken da ya shafi lafiyar mutane sai kwamitin ɗa'a na CHRPE ya amince kafin ka tambayi kowa ko ka ɗauki jinin kowa, kuma amincewar tana ɗaukar makonni, don haka ka miƙa da wuri. Sauran fannoni ka tambayi mai duba aikinka inda za ka kai.

Bayan izinin jami'a akwai na gari, kuma ba ya cikin littafi. Ka ɗauki wasiƙar sashenku ka je wurin ɗan majalisar unguwa, ka je fadar sarkin unguwar ko shugaban ƙabilar da abin ya shafa, ka gaida liman, ka roƙe shi ya sanar bayan salla. In da mata za ka yi magana, ka fara da magajiya ko shugabar ƙungiyarsu, kuma in kai namiji ne ka tafi da abokiyar karatu ko 'yar'uwarka. Kasancewarka ɗan gida bai ɗauke maka wannan ba, ya ma ƙara wajabta shi.

Mataki na takwas: cikin unguwa

Ka fassara tambayoyinka zuwa Hausar da ake yi a Kumasi, wadda Hajiya za ta gane ba sai an maimaita ba. Ka ba wani ya mayar da su Turanci ba tare da ya ga na asali ba, ka kwatanta, inda ma'ana ta kauce ka gyara. Sannan ka gwada su a kan mutane kaɗan a wata unguwa dabam. In ka sa su a manhajar KoboToolbox, za ka cike a wayarka ko babu intanet, ka huta da kwafe takardu daga baya.

Ka san lokacin mutane. 'Yan kasuwa ba sa samuwa da safe, matan gida sun fi sakewa bayan azahar, matasa da dare a wurin shan ataya, Juma'a kuma ka bar ta. Kada ka tsaya kan danginka da abokanka don sun fi sauƙi. Ka bi tsari, misali kowane gida na biyar a layi.

Kowane mutum ka gaya masa gaskiya: "Baba, ni ɗalibi ne a Tek, wannan aikin makaranta ne, ba daga gwamnati nake ba, ba rabon kuɗi za a yi ba, sunanku ba zai fito ba, kuma in kun ga dama kuna iya cewa a'a." Kada ka yi alƙawarin abin da ba ka da iko a kai. Kada ka ɗauki hoto ko murya sai da izini. Abin da maƙwabciya ta gaya maka na ciwonta ko bashinta amana ce, ko mahaifiyarka ba za ta ji ba. Dokar kare bayanan mutane ta 2012 ma ta hana. A rubutu lamba za ka ba kowa a maimakon suna. Kowane dare ka ajiye kwafin bayananka wuri biyu, ɗaya a intanet, domin waya tana ɓata, kwamfuta tana mutuwa.

Mataki na tara: rubutu da kare aiki

Yawanci babi biyar ne: gabatarwa, bitar ayyukan baya, hanyar bincike, sakamako da tattaunawa, sai kammalawa da shawarwari. Kada ka jira ka gama komai kafin mai duba aikinka ya gani. Babi-babi za ka kai, ka rubuta gyaran da ya faɗa a gabansa, ka dawo da shi a ranar da kuka yi. In ya yi shiru, ka tuna masa cikin ladabi ta imel ko ka je ofis. Ɗalibai da yawa ke hannunsa. Tun ranar farko ka sa duk abin da ka karanta a manhajar Zotero ko Mendeley, su za su jera maka madogara.

Jami'ar na amfani da Turnitin wajen kama satar rubutu. Kada ka kwafi aikin wani, kada ka biya a rubuta maka, kada ka ƙirƙiri amsoshin da ba a ba ka ba. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya ƙago sunan maƙalar da babu ita, don haka duk madogarar da ba ka buɗe da idonka ba kada ta shiga aikinka. Maganar da wani ya faɗa da Hausa mai nauyi, ka kawo ta yadda ya faɗa, ka bi ta da fassara.

Ranar kare aiki mintoci kaɗan za a ba ka. Ka tafi kai tsaye ga matsalar, hanyar, abin da ka gano, da abin da ya kamata a yi. Ka yi gwaji gaban abokai da agogo. Tambayar da ba ka san amsarta ba, ka ce bincikenka bai kai nan ba. Bayan an gama, ka rubuta shafi ɗaya da Hausa mai sauƙi, ka kai wa sarki da liman da ɗan majalisa da magajiya. Mutanenmu sun gaji da masu zuwa da takarda su yi tambaya su ɓace, kuma ƙaninka da zai zo bayanka ta ƙofar da ka bari zai shiga.

Bayan digiri

Mai kyakkyawan maki yana iya yin hidimar ƙasa a sashensu a matsayin mataimakin malami ko na bincike, kuma wannan ita ce gajeriyar hanya zuwa digiri na biyu na bincike, wato MPhil, mai shekara 2. Ka nuna sha'awarka ga shugaban sashe tun kafin a fara rabon wuraren hidima. Ka tambayi mai duba aikinka ko za ku mai da binciken maƙala ku aika mujalla. Ko ɗaya ce tana ɗaga takardar neman tallafi. A Kumasi akwai shirin WASCAL na digirin digirgir kan sauyin yanayi da amfani da ƙasa, a Legon akwai cibiyar Noguchi da WACCBIP ga masu binciken cututtuka. Tallafin karatun waje kuma akwai DAAD ta Jamus, da Commonwealth, da Chevening ta Birtaniya mai neman shekara 2 na aiki, da tallafin Bankin Raya Ƙasashen Musulunci ga al'ummomin Musulmi na ƙasashen da ba mambobinsa ba, irin su Ghana.

Kusan dukansu suna neman wasiƙar shaida daga malamai biyu ko uku. Ka roƙa aƙalla wata guda kafin ranar rufewa, ka haɗa wa malamin takardar makinka da tarihin karatunka da taƙaitaccen bayanin abin da kake nema. Fasfo kuma ka yi shi tun kana hidimar ƙasa, da rubutun suna iri ɗaya da na takardar digirinka.